Rigimar Garmaho Da Fiyano

Waɗanda ke kwana kusa da ɗakin taro sun san irin gumin da ƙungiyar mawaƙa ta sha cikin zangon da ya wuce. Muna shirin bikin yaye ɗalibai ne, aka zaɓi waƙa guda daga wani wasan Ingilishi mai suna H.M.S. Pinafore. Irin wasan nan ana ce da shi ofareta, watau wasan kwaikwayo na raha, rabi magana rabi waƙa. Gilbert ya tsara kalmomin, Sullivan ya sa musu murya, aka fara nuna shi a Landan cikin 1878.

Wani ɗan ajinmu ya zo mana da tsohon garmaho na kakansa, wanda ya yi aikin reluwe a nan Kafanchan, har da faifan da ke ɗauke da waƙar. Muka yi ta binsa mako biyu. 'Yan mata masu siririyar murya suna ta maƙurewa wajen hawa sama, biyu cikinsu har murya ta dishe. Ran da mai buga mana fiyano ya zauna da takardar waƙar zai bi faifai, sai abu ya cakuɗe, kamar karnuka biyu na haushi. Muka ɗora masa laifi, ni ma har da bakina a ciki, saura kaɗan ya bar ƙungiyar. Ashe shi kaɗai ne ke kan daidai.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙara girgiza ce. Ku dubi mai kalangu: in ya matse tsirkiya a hammata fatar ta ɗame, girgizarta ta yi sauri, sai murya ta hau, in ya sassauta ta sauko. Masana sun ƙidaya girgizar nan. Muryar da ake kira A a fiyano tana girgiza sau 440 cikin daƙiƙa guda. In aka ninka ya zama 880, muryar nan ce dai amma a sama, kamar daga doh na ƙasa zuwa doh na sama. Tsakanin su biyu akwai rabin-taki 12, kowane rabin-taki kuwa ƙarin girgiza ne na wajen 6 cikin 100.

To, faifai ba kome ba ne sai zane mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda allura ke bi. Yawan lanƙwasan ba ya canjawa. In faifai ya juya da sauri, allura za ta wuce lanƙwasa da yawa cikin daƙiƙa, saboda haka waƙa ta yi sauri, ta kuma hau sama. A garmaho sauri da tsayin murya tif da taya ne, ba ka taɓa ɗaya ka bar ɗaya. Shi ya sa in an manta ba a yi wani ba, mawaƙi ya riƙa jan waƙa yana kumburin murya kamar mai gyangyaɗi.

Malamin kiɗa ne ya warware mana. Ya maƙala guntun takarda a ƙarƙashin faifai, bakinta ya leƙo, ya ce in riƙe agogo wani ya ƙidaya. Cikin minti guda takarda ta zagayo sau 83, alhali kuwa 78 ake so. Ɗan ƙarfen da ke daidaita saurin ne ya goce. Ku lissafa da kanku: 6 cikin 100 na 78 ya kusa 5. Watau garmahon ya ɗaga mana waƙar da rabin-taki cif. In takarda ta ce doh yana kan C, mu muna kan C mai kaifi, muryoyi biyu kuwa da rabin-taki ya raba su ne suka fi kowaɗanne faɗa a kunne.

Kada ku ce kullum garmaho ne mai laifi. Kafin wajen 1925 kamfanoni ba su haɗa kai kan 78 ba, akwai faifan da aka yi domin 80. Ita kanta A ɗin ba 440 take ba tun fil'azal. Faransa ta tsayar da 435 cikin 1859. Manyan makaɗan Landan na zamanin Sullivan sukan ɗaure kayansu wajen 452, sai a taron da aka yi a Landan cikin 1939 aka yarda da 440. Mai son ya ga abin a fili ya sami faifan 33⅓, irin wanda Columbia ta fito da shi cikin 1948, ya juya shi a 45: doh zai tashi ya wuce fah kaɗan, ƙato ya koma yaro.

Yau kwamfuta da waya suna iya rage sauri su bar murya inda take, ko su sauke murya su bar sauri. Wannan sauƙi ne, amma bai ɗauke mana aikin kunne ba. Da muka so mu ɗora wata waƙar Hausa ta zumuntar mata a bayan ta Sullivan ba tare da tsayawa ba, sai da muka nemi inda doh ɗinta zai zauna. Abin lura shi ne dangantaka. Gidan C da gidan G muryoyinsu ɗaya ne in ban da guda, fah ya zama fe, soh na farko kuma ya zama sabon doh. Haka C da F, guda ce ta raba su. Tsakanin irin waɗannan gidaje mawaƙa sukan ƙetara ba su sani ba. Amma daga C zuwa C mai kaifi, ko da yake maƙwabta ne a jikin fiyano, a waƙa baƙin juna ne. Saurin kuma muka auna shi da tafi: a ƙidaya bugu nawa cikin daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu, a ga ko waƙoƙin biyu za su yi tafiya ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da za mu fita koyarwa. Yaran firamare ba za su ce waƙa ta fi ƙarfin maƙogwaronsu ba, ihu kurum za su yi su biyo malam. Ni dai na ƙudura, kafin in koya wa aji waƙa daga faifai ko waya, sai na nemi muryar da ta fi tsawo a ciki, na sa yaro guda ya rera ta a hankali. In na ga jijiyar wuyansa ta tashi, sai in sauke doh taki guda mu sāke farawa.