Sharuɗɗan Mallakar Makamin Tsafi: Daga Maƙeran Gaya Zuwa Littattafan Yaƙi

Makamin tsafi a labaran jarumtaka na Hausa shi ne takobi ko mashi ko wuƙa ko kibiya da ake cewa yana da ƙarfin da ya wuce kaifin ƙarfensa. Da shi ake kashe abin da ya gagari kowa, kamar macijin da ya tare rijiya, ko sarkin da ƙarfe ba ya cinsa, ko aljanin da ke gadin kogo. Irin wannan makami ba a taya shi a kasuwa, ba a kuma tsintarsa a kan hanya. Kowane labari yana gindaya masa sharuɗɗa, kuma mai ba da labari yakan ɓata lokaci wajen bayanin sharuɗɗan fiye da yadda yake ɓatawa wajen siffanta makamin.

Misalin da kusan kowane Bahaushe ya sani ta ƙasar Gaya ya biyo, wato masarautar da ke gabashin Kano wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gaya da Albasu da Ajingi. Labarin Bayajidda ya ce ɗan sarkin Bagadaza ne da ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki, daga baya ya tsere da ya ga ana shirya masa makirci. Ya bar matarsa a Garun Gabas, kusa da Haɗeja, inda ta haifi Biram. Shi kuwa ya nausa yamma har ya iso Gaya, a nan ya sa maƙera suka ƙera masa wuƙa, wasu masu ruwaya su ce takobi. Da ita ya isa Daura cikin dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a samunsa sai ranar Juma'a saboda maciji mai suna Sarki da ke cikin rijiyar Kusugu. Ya karɓi guga ya tafi, maciji ya fito da kai, ya fille shi.

Akwai abin lura a wannan zango na Gaya, wanda masu ba da labari sukan wuce shi da jimla ɗaya. Mutumin da aka ce ɗan sarki ne, wanda ya baro gabas da dakaru, bai iya kashe macijin Daura da takobin gidansu ba, sai da ya tsaya wurin maƙeran ƙasa. Sharaɗin farko ke nan, kuma shi ne mafi tsufa: makami yana hannun masu shi, jarumi kuwa dole ya taka ya je musu. Zaɓen Gaya ma ba a banza aka yi shi ba. Ruwayoyin Kano suna cewa wani maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, ya zauna, garin ya ci sunansa. Zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa. Masu binciken kayan tarihi kuma sun gano alamun narka ƙarfe a Dala da suka kai ƙarni na 7 Miladiyya. Ashe labarin ya kai baƙon ne wurin mutanen da aka riga aka sallama wa a harkar ƙarfe.

Wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane dalilin da ya sa ake jingina asiri ga maƙeri. Yaro yana zaune yana buga zugazugi, gawayin ƙirya yana ja yana fari, maƙeri ya sa awartaki ya zaro ƙarfe jajawur, ya ɗora kan uwar maƙera, ya bi shi da masaba har ya miƙe. Daga nan ya tsoma shi cikin ruwa ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Abin da ɗazu guntun ƙarfe ne ya koma lauje ko barandami. A da ma aikin daga dutse yake farawa, domin sai an haƙo tama an narka ta kafin a sami abin bugawa. Sana'ar gado ce, tana da Sarkin Maƙera, kuma har yau a garuruwa da dama wurin maƙera ake zuwa neman maganin ƙuna, su ne kuma ke wasa da wuta a lokutan biki. Mutumin da wuta take jin maganarsa, ba wuya a yarda cewa ƙarfen da ya fito daga hannunsa yana ɗauke da wani abu.

Samun makami bai wadatar ba a labarin Daura, sai an zo da shaida. Da gari ya waye aka ga maciji a mace, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi. Mutane suka yi ta kawo kawunan macizai na ƙarya. Bayajidda ne kaɗai ya fito da kan da ya dace da gangar jikin, kuma takalmin da aka tsinta a bakin rijiya ya yi daidai da ƙafarsa. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura ana ziyartarta, fadar Daura kuma tana ajiye da makamin da ake dangantawa da shi. Masana tarihi da yawa suna ɗaukar labarin a matsayin hikayar da ke bayyana asalin sarautun Hausa Bakwai, ba rahoton abin da ya faru daki-daki ba, amma wannan bai rage masa daraja a matsayin madubin tunanin mutanen da suka riƙe shi ba.

A Katsina labarin ya ɗauki wata fuska. Ana cewa Muhammadu Korau, ɗan kokawa daga 'Yandoto, ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, a wajen kokawa, ya yanka shi, ya hau sarauta a wajejen tsakiyar ƙarni na 15. Takobin da ake cewa da shi ya yi aikin sunansa Gajere, kuma yana cikin kayan sarautar Katsina. Sai dai ruwayar ba ta ba Gajere dukan yabon ba. Sanau yana da asirin da ya hana a kai bayansa ƙasa, kuma sai da matarsa ta tona wannan asiri kafin takobin ya sami abin yanka. Haka abin yake a ƙasar Mali a labarin Sunjata, wanda ya ci Sumanguru Kante a yaƙin Kirina wajejen 1235. Ƙarfe ba ya kama Sumanguru, sai da 'yar'uwar Sunjata da ke aure a gidansa ta jiyo cewa ƙaimin farin zakara ne makarinsa, aka ɗaura shi a bakin kibiya. A labaran biyu mace ce ta buɗe ƙofar, abin da ke nuna inda maza suke tsoron asirinsu zai zube.

Kalmar makari ita ce ginshiƙin wannan tunani, kuma ba daga labari ta fito ba, daga rayuwa ta shiga labari. Mafarauta da 'yan tauri da mayaƙan da suna da kayan tsari iri-iri: guru da kambu da laya, da kau-da-bara mai kautar da kibiya, da sagau mai sandarar da hannun abokin gaba, da baduhu da layar zana masu ɓoye mutum. Duk wanda ya karɓi ɗaya daga cikinsu yakan karɓe shi da doka, a ce kada ya ci kaza, ko kada ya kusanci kaza, ko kada ya shiga wuri kaza da shi a jiki. Idan abin ya ƙi aiki ranar da ake bukata, ba a cewa maganin ƙarya ne, sai a ce mai shi ya karya sharaɗi. Dabara ce da ke kare mai ba da magani daga tuhuma, kuma ita ce ta ba masu labari hanyar kayar da jarumin da suka riga suka ce ba ya kayuwa.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya adana cikakken tsarin irin waɗannan sharuɗɗa a zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Shi ne aka ce ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano, amma duk da haka Zazzau ta kore shi. Da ya nemi shawarar Sarkin Tsibiri, mai kula da tsafi, sai aka sa shi ya sari reshen wata bishiya. A ciki ya tarar da jan maciji, ya kashe shi, aka yi huffi biyu da fatarsa, aka sassaƙa dundufa huɗu da wasu ƙananan ganguna takwas da reshen. Aka jefa kayan cikin ruwa, aka jira kwana arba'in, sannan aka tsamo su aka kai gidan Sarkin Tsibiri ya ɗinke su da ragowar fatar. Bayan haka ne Kanajeji ya koma ya ci Zazzau. Komai na labaran zamani yana nan ciki: shan kashi tukuna, sai neman masani, sai abu mai wuyar samu, sai adadi ƙayyadadde, sai jira na kwana arba'in, sai kuma sarki da kansa ya sa hannu ba ya aika bawa ba.

Littafin ya kuma nuna cewa abin tsari yana da ci. Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe cikin fatu, sarakunan Kano suna yi masa yanka suna ɗaukarsa garkuwar gari. Sarki Muhammadu Alwali ya ƙi ba da shanu arba'in da manyan fada suka nema dominsa, ya sa samari suka fasa shi da gatura. Mutane suka ce yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki haka za a fitar da shi daga Kano. Masu jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka kore shi, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Musulunci ya kawo wani salon mallaka dabam, inda makami yake zuwa a matsayin kyauta daga na sama ga wanda ya cancanta. Zulfiƙar, takobin da Manzon Allah (SAW) ya samu a ganimar Badar ya kuma ba Sayyidina Ali, shi ne sunan takobi mafi shahara a bakin Hausawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta cewa a 1794 ya ga, cikin ru'uya, Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekara goma kafin fara jihadi a 1804. A nan ba maƙeri ba boka, sharaɗin shi ne tsarkin mai karɓa da izinin mai bayarwa. Fadoji kuma suka riƙe nasu tsarin na gado: tagwayen masu na Kano, waɗanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, ba mai riƙe su sai wanda aka naɗa.

Rubutaccen ƙagaggen labari ya gaji wannan duka. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, inda jarumi ya fita daga yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda abin nema ruwa ne amma tafiyar irin ta neman makami ce. A Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, jarumin gurgu ne har sai da baƙi suka zo suka tashe shi, ƙarfinsa kyauta ce da aka ba shi.

Littattafan yaƙi da kasuwar littattafan Kano ta yaɗa, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi fice a kansu, su suka mayar da sharuɗɗan sana'a sosai. Galibi sarki azzalumi ne ko gimbiya mai neman fansa za ta kira boka, ya duba madubin tsafi, ya ce akwai makami a wani kogo ko ƙarƙashin teku wanda ya mallake shi ya mallaki duniya. Sai a jero wahalhalu: dazuzzuka masu suna, kowanne da dodonsa, da tafiyar kwana arba'in ko shekara da shekaru, da aljanin da ya yi ƙarnuka yana gadi. Sau da yawa makaman sukan zo a haɗe, takobi da mashi da hula ko sulke, a warwatse a wurare dabam-dabam, kuma ɗaya ba ya cika aiki sai da sauran. Sannan a ƙara da cewa mutum ɗaya ne tak a duniya zai iya ɗauka, mai wata alama a jiki ko mai wani jini, kuma yawanci maraya ne ko bawa da bai san kansa ba. Wannan ya tilasta wa azzalumi ya raya wanda ya fi so ya kashe, har sai ya ɗauko masa makamin. Ta fuskar ciniki ma abin yana da riba, domin kowane sharaɗi littafi guda ne, mai karatu ya gama na ɗaya ya koma ya sayi na biyu da na uku. Yanzu da karatun ya koma rediyo da YouTube, kowane daji ya zama shiri guda.

Marubutan suna rubuta wa Musulmi ne, kuma suna sane da cewa ba zai yiwu a bar tsafi ya yi nasara a shafin ƙarshe ba. Saboda haka suka ƙara wani sharaɗi da babu shi a labarin Kanajeji. Yawanci labarin yakan faru ne a zamanin jahiliyya, tsakanin masu bautar gumaka, sai wani baƙo mai addinin Musulunci ya bayyana. Idan ya ambaci sunan Allah madubin boka yakan dushe, aljanu su watse, makamin da aka zubar da jinin dubban mutane wajen nemansa ya koma ƙarfe kamar kowane ƙarfe, a ƙarasa yaƙin da ƙarfin damtse da takobi irin wanda maƙeri yake bugawa.