Yadda Aka Yanka Lardin Kano Gunduma-Gunduma

Lardi shi ne babban yankin mulki da Turawa suka shata a Arewacin Nijeriya, a wancan zamani Razdan ne shugabansa, kuma a ƙarƙashinsa akwai yankuna waɗanda Di'o ke kula da su. Bayan gyare-gyaren iyaka da suka fitar da Katagum da Katsina da Daura, Lardin Kano ya tsaya a kan masarautu huɗu, wato Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, kowacce da En'e tata, wadda ita ce hukumar gargajiya da sarki ke jagoranta.

Gunduma kuwa, wadda mutane da yawa ke ɗauka gadon kaka da kakanni ce, ba ta girmi zuwan Turawa ba. Kafin a ci Kano a 1903, yawancin hakimai a birni suke zaune kusa da fada, garuruwan da kowannensu ke riƙe da su kuma a warwatse suke, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, sai dai ya tura jakada ya karɓo masa kuɗin ƙasa, jakadan ma ya ɗebi rabonsa kafin sauran ya iso. Wannan tsari bai yi wa mai son ƙidayar kowane kai da kowace saniya daɗi ba, saboda haka a zamanin Sarki Abbas, wajen 1907, Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Mai Gunduma, ya harhaɗa garuruwan da ke maƙwabtaka ya mai da su dunƙule guda, aka umarci hakimai su bar birni su tare a ƙasarsu, abin da da yawansu suka ɗauka tamkar kora ce. Sannu a hankali manyan sarautu suka kafu a wurare sanannu, Madaki a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Dambatta.

Daga nan umarni ya riƙa gangarowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci mai riƙe da gari, zuwa mai unguwa, haraji da jangali kuma suna haurawa ta wannan tsani har baitulmali, inda ake yanka wa hakimi albashi.

Lardin ya zama Jihar Kano a 1967, gyaran 1976 ya miƙa harkokin mulki ga ƙananan hukumomi, sannan a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, wato ainihin aikin da aka yanka gundumomin dominsa.