Idan Jijiyar Zuciya Ta Ɓata Hanya Tun Daga Ciki

Ranar 5 ga Janairu, 1988, Pete Maravich, fitaccen ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasa a Pasadena, jihar Kalifoniya, bai sake tashi ba. Shekarunsa 40. Da aka binciki gawarsa, sai aka tarar ashe tun haihuwa ba shi da jijiyar hagu da ke kai wa zuciya jini. Ta dama ce ta ƙara girma, ta ɗauki aikin biyu.

Zuciya tsoka ce, ita ma tana buƙatar nata jinin. Jijiyoyi biyu ne ke ciyar da ita, ta dama da ta hagu, kowacce tana tsirowa daga gindin aota, wato babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki. Amma a kusan mutum 1 cikin 100, ɗayarsu takan tsiro a wani wuri daban tun yana ciki. Yawancinsu har su tsufa ba su san da ita ba.

To, ina hatsarin yake? Yana kan hanyar da jijiyar ta bi. Idan ta hagu ta fito daga ɓangaren dama, ta ratsa tsakanin aota da jijiyar huhu, sau da yawa bakinta a tsuke yake. Mutum na zaune, lafiya lau. Da ya fara gudu, aota ta buɗe, sai ta matse jijiyar daidai lokacin da zuciya ta fi buƙatar jini. Daga nan bugunta na iya rikicewa. Shi ya sa gwajin ECG da aka yi ana hutawa kan iya fitowa ba komai.

Akwai kuma nau'in da Bland da White da Garland suka bayyana a 1933, inda jijiyar hagu ke fitowa daga jijiyar huhu. Jaririn yakan fara haki da zufa da kuka wajen shan nono tun yana wata biyu zuwa uku. Tiyata na ceto shi idan an gano da wuri.

Saboda haka, idan matashi ya suma ko ƙirjinsa ya riƙe yana tsakiyar wasa, kada a ce gajiya ce kawai. A dakatar da shi, a kai shi wurin likitan zuciya a yi hoton eko, in ta kama har da CT.