Wankin kafet a Kafin Hausa: Abin da ya kamata mai shiga sana'ar ya sani kafin ya sayi inji

A shekarun baya, tabarmar kaba da ledar ɗaki su ne shimfiɗar galibin gidaje a ƙasar Haɗeja. Idan sun yi datti, tsintsiya da tsumma sun wadatar. Yanzu kuwa da wuya a yi jeren amarya a Kafin Hausa ko Haɗeja ko Malam Madori ba a shimfiɗa kafet ba, ko da ƙarami ne na tsakiyar falo. Masallatai da dama ma sun koma shimfiɗa mai sahu-sahu, haka zaurukan masu sarauta da ofisoshi.

Sai dai kafet ba ya wankuwa kamar zane. Idan ya sha ruwa, nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Gidaje da yawa kuma ba su da daɓen siminti mai faɗin da za a baje shi, balle wurin shanya. Wannan ya sa a garuruwan Arewa akan naɗe shi a kai wurin wankin mota, inda ake wanke shi idan an samu sarari tsakanin mota da babur.

A nan ne matashin da ke neman abin yi zai iya samun ƙofa. Amma sana'a ce da kuskure ɗaya a cikinta kan cinye ribar wata guda, domin kayan da ake damƙa wa mai wanki sun ninka ladansa sau da yawa.

Ina kasuwar take?

Kafin Hausa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, kuma nan ne mazaunin Jami'ar Sule Lamido, wadda gwamnatin Jihar Jigawa ta kafa a 2013. Zuwan jami'ar ya kawo malamai da ma'aikata da ɗalibai masu zaman haya, mutanen da ke da shimfiɗa amma ba su da lokaci ko filin wanke ta.

Bayan su akwai masallatan Juma'a da na unguwanni, da makarantun Islamiyya, da masu ba da hayar rumfuna da shimfiɗu na biki. Irin waɗannan su ne ginshiƙin sana'ar, saboda suna kawo kaya da yawa a lokaci guda kuma suna dawowa. Gidajen aure su ne suka fi yawa, amma kowane gida bai fi ya kawo sau ɗaya ko biyu a shekara ba.

Kasuwar tana da lokutanta. Takan buɗe gab da azumi, lokacin da kwamitocin masallatai ke shirin tarawihi da tafsiri, sannan a makon ƙarshe kafin ƙaramar Sallah da babba. Bayan kaka ma akan samu aiki, idan manoma sun sayar da shinkafa da riɗi, bukukuwan aure sun kankama. Tsakanin waɗannan lokuta akan yi makonni ciniki na tafiyar hawainiya. Shi ya sa wanda zai dogara da kafet kaɗai yake buƙatar haɗawa da wankin babura, barguna, labule ko kujerun falo.

Ƙurar hunturu da laimar damina

Yanayin yankin shi ke kawo aikin, shi ne kuma ke wahalar da mai yin sa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza ta a Arewacin Najeriya. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana ratsa gashin kafet ta kwanta a gindinsa inda tsintsiya ba ta kaiwa. Masu asma da ƙananan yara da ke rarrafe a kai su suka fi jin jiki.

A wannan lokaci kafet na saurin bushewa saboda iskar ba ta da laima, amma idan aka shanya shi a fili ranar da hazo ya sauka, kafin ya bushe ya sake yin datti. A bazara shanya ba ta da wuya, sai dai zafin rana kan koɗar da launi idan aka bar fuskar kafet tana kallon sama tsawon yini. Masu gogewa sukan kifa shi, bayansa ya fuskanci rana.

Damina ita ce babbar jarrabawa. Kafet ɗin da ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu da danshi yakan fara fumfuna, ya ɗauki warin da turaren wuta ba ya kashewa. Wanda ba shi da rumfa da ƙarafan ratayewa inda iska ke ratsawa ta sama da ƙasa, gara ya rage karɓar manyan kaya a watan Agusta.

Kayan aiki da jari

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai farawa yana buƙatar fili mai daɓen siminti da ɗan gangare don ruwa ya riƙa gudu, da tankin ruwa, da burusai masu tauri da masu laushi, da abin jan ruwa na roba mai dogon mariƙi, da bokitai, da ƙarafa ko itatuwan shanya. Da waɗannan kaɗai ana iya fara ƙananan kafet da dardumai.

Injin feshin ruwa mai ƙarfi, irin na masu wankin mota, shi ne kayan da ya fi tsada. Akwai mai amfani da fetur, akwai mai amfani da lantarki. Na lantarki ya fi sauƙin kuɗi, amma wutar kamfanin KEDCO da ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa ba abin dogaro ba ce ga mai aikin da aka yi wa alƙawarin rana, don haka sai an haɗa da janareta ko sola. Irin waɗannan injuna a Kano aka fi samun su, kuma yana da kyau mai saye ya fara tambayar ko akwai kayan gyaransu da makanikin da ya san su a Haɗeja.

Inji na biyu da ake yawan mantawa da shi shi ne mai zuƙe ƙura da ruwa. Shi ke ba da damar yin aiki a cikin gida ko masallaci, inda aka manne kafet da gam ba a iya ɗaga shi.

Mai hankali ba ya zuba duk jarinsa a inji. Yakan fara da hannu, ya yi 'yan watanni yana koyon aikin ko da a matsayin yaron wani ne a wurin wankin mota, ya san yawan kayan da ke shigowa, sannan ya sayi inji da kuɗin adashi ko ribar da ya tara.

Ruwa da fetur

Duk da cewa yankin na kan fadamar kogin Haɗeja, ba kowane ruwa ne ke wanke kafet ba. Ruwan kogi da na kududdufi na ɗauke da laka, idan ya bushe sai ya bar kafet ya yi ja-ja, ga ƙarni. Ruwan rijiyar burtsatse ko na famfo shi ne ya dace. Wanda zai riƙa saye daga 'yan ga-ruwa dole ya san jarka nawa kowane kafet ke sha, domin ɗauraya ta fi wankin kansa cin ruwa. Saboda haka kusanci da burtsatse ya fi kusanci da bakin titi muhimmanci wajen zaɓen fili.

Fetur ma haka. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin hukuma ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500 ko fiye a kan lita cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ya ci gaba da hawa. Duk sana'ar da ke tafiya da ƙaramin inji ta ji a jikinta. Dabarar da ke rage asara ita ce a tara kaya, a kakkaɓe su, a goge su da sabulu da hannu, sannan a tayar da inji sau ɗaya don ɗauraya.

Ba duk kafet ne iri ɗaya ba

Mafi yawan kafet ɗin da ake sayowa daga kasuwannin Kano, waɗanda ake shigowa da su daga Turkiyya da Chaina da ƙasashen Larabawa, da zaren roba ake saƙa su. Irin waɗannan suna jure ruwa da burushi. Amma akwai na ulu, wato gashin tumaki, wanda ruwan zafi ke tsuke shi, sinadarin bilic kuma ke cinye shi. Akwai mai bayan algarara, wanda idan ya daɗe a jiƙe yake tsukewa ya fitar da tabo ruwan ƙasa. Akwai kuma wanda aka haɗa samansa da bayansa da gam, wanda ƙarfin inji ke iya raba su idan aka kusanto da bakin feshin.

Kafin a zuba ruwa, akan jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulu a goga a wani lungu na kafet ɗin. Idan launi ya biyo ƙyallen, to mai zuba ne, sai a yi masa wankin sama-sama shi kaɗai.

Matakin farko shi ne kakkaɓa. Yawancin dattin kafet busasshiyar ƙura ce da yashi, idan aka zuba ruwa ba a fitar da su ba sai su koma taɓo. Daga nan a jiƙa, a zuba sabulu daidai kima, a goge ta inda gashin ya kwanta, a ɗauraye har sai kumfa ta ƙare, a ja ruwan, a rataye. Yawan omo ba ya ƙara haske. Wanda ya maƙale a ciki yakan sa kafet ya yi danƙo, ya riƙa kama ƙura fiye da da, mai kaya kuma ya ce ba a wanke ba.

Akwai haɗarin da ya shafi lafiyar mai aikin. Haɗa bilic da wasu sinadaran wanke banɗaki na fitar da iska mai guba. Wayar lantarki a kan jiƙaƙƙen daɓe na iya kisa, haka hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki. Takalmin roba da safar hannu ba ado ba ne a wannan aiki.

Batun tsarki

Ga mai wanki a wannan yanki, tsabta kaɗai ba ta isa ba, domin a kan shimfiɗar ake sallah. A mazhabar Malikiyya da ake bi, kamar yadda ake karantarwa a littattafan farko irin su Ahalari da Ishmawi, ana gusar da najasa ne da ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Ma'ana ruwan omo na fitar da datti, amma sai an bi da ruwa zalla kafin kafet ɗin da yaro ya yi wa fitsari ya tsarkaka.

Don haka ya kamata mai wanki ya tambayi mai kaya ko akwai najasa da kuma inda take, ya fara wanke wurin, sannan kada ya haɗa shimfiɗar masallaci da irin waɗannan a daɓe ɗaya lokaci guda. Kwamitin masallacin da ya ga ana kiyaye wannan ba ya neman wani.

Bayan ambaliya

Kogin Haɗeja, wanda madatsun Tiga da Challawa da ke Jihar Kano ke sarrafa ruwansa, yakan cika ya tumbatsa a shekarun da ruwan sama ya yi yawa, ga ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa. A daminar 2022 Kafin Hausa na cikin ƙananan hukumomin Jigawa da ambaliya ta yi wa ɓarna, inda aka rasa rayuka, gidaje suka rushe.

Bayan irin wannan iftila'i mutane kan fito da abin da suka tsira da shi don a wanke. A nan ake gane mai amana. Ruwan ambaliya na gaurayuwa da na masai da kwatami da magungunan gona. Siririn kafet na roba yana iya wankuwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya bushe sosai a rana. Amma mai kauri ko mai soso a ƙasa da ya kwana biyu a cikin irin wannan ruwa, shawarar masana lafiya ita ce a rabu da shi. Faɗa wa mai kaya gaskiya na nufin rasa ladan wankin, amma ya fi a mayar masa da abin da zai sa wa iyalinsa ciwo.

Farashi da riƙon amana

Yanke farashi da ido shi ke karya masu farawa. Hanya mafi aminci ita ce a auna tsawo da faɗi, a sa kuɗi bisa girma da kauri, bayan an lissafa ruwa, sabulu, fetur, ladan yara, kuɗin babur ko mai ƙafa uku da zai ɗauko ya mayar, da wani abu da za a ware don gyaran inji. Wanda ya karya farashi don jan jama'a zai samu layi, amma ranar da inji ya tsaya ba zai samu kuɗin tayar da shi ba.

Kafin a karɓi kaya, a baje su gaban mai su, a nuna masa ƙuna ko yagewa ko tsohon tabon da ba zai fita ba, kamar na lalle ko rini, a ɗauki hoto da waya. A ɗaura wa kowane kafet lamba, a rubuta a littafi tare da ranar karɓa. Kafet ɗin amare sukan yi kama da juna, musanya ɗaya kuwa na iya kai mutum gaban mai unguwa.

Tunda matan aure ne suka fi sanin lokacin da shimfiɗa ke buƙatar wanki, kuma ba kowane gida namiji baligi ke shiga ba, mai sana'ar na buƙatar 'yar'uwa ko matarsa da za ta riƙa karɓar saƙo ta waya ko WhatsApp, da yaran da za su shiga su fito da kaya. Wanda kuma ke hangen aikin jami'a ko ofisoshin gwamnati sai ya yi wa sunan sana'arsa rajista da hukumar CAC, ya buɗe asusun banki da sunan, domin hukumomi na neman takarda kafin su biya.

Abu na ƙarshe da ke jawo rigima da maƙwabta shi ne ruwan wanki. Idan aka sake shi a lungu yakan kwanta ya tara sauro, ya ci gindin katangar ƙasa. Idan ya gangara fadama kuma ya shiga inda ake noman rani da kamun kifi. Haƙa ramin da zai tsotse ruwan, nesa da rijiya, na cikin kuɗin da ya kamata a lissafa tun ranar da aka zuba daɓe.