Na'urar da ke ɗaure ƙafa da wadda ke karɓar sitiyari

A watan Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Direbobi da yawa sun yi ta gunaguni, don a wajen mai lodi a tashar Jabi ko Utako a Abuja, gudu kuɗi ne. Aikin na'urar ɗaya tak: komai taka totur, bas ba za ta wuce iyakar da aka sa mata ba. Sitiyari da birki da duba madubi duk suna wuyan direba.

Ɗaya na'urar kuwa, mai karɓar sitiyari, ba hukuma ce ta kawo ta ba, a cikin motoci na hannu da ake sayowa daga Amurka ta shigo. Kyamara ce a gilashin gaba da rada a bayan bamba. Su riƙe tazara, su maido da mota kan layi, su taka birki idan na gaba ya tsaya kwatsam. A titin filin jirgin sama ko na Kubwa, abin gwanin daɗi, kuma babu musu tana hana wasu karo. Sai dai wanda aka sauke wa aiki, hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya. A Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kashe wata mata da ke tsallaka titi, alhali wadda aka zaunar don sa ido tana kallon waya. A ƙasar da aka ƙera na'urar domin titunanta ke nan.

To ina ga hanyar Nyanya da Mararaba, inda fentin layi ya goge, ɗan tasi ya ci birki ba sigina, mai tafiya ya bar gadar sama ya ratsa ta ƙasa, wani lokaci har da shanu? Ga wani abin da dillalai ba sa faɗa: da yawa daga motocin nan sun yi haɗari kafin a yi gwanjonsu. A Apo za a canza bamba a yi fenti fes, amma saita rada aiki ne daban mai buƙatar kayansa.

Ni dai na fi natsuwa da ta farkon, duk da akwai direbobin da ke zuwa a kwance musu ita. Idan an kwance, fasinjan gaba zai gani a allurar gudu, ya yi magana. Radar da ta karkace kuwa tana iya yin shiru, mai mota na jingine da kujera, har ranar da tirela ta tsaya a gabansa.