Ƙarshen Damina: Mu Saurari Hasashen Hadari, Ambaliya da Gobarar Daji

'Yan'uwa, daga watan Satumba zuwa Disamba, mu da muke zaune a filayen kwarin Binuwai da Gongola muna fuskantar hatsari uku a jere: hadari mai iska, ambaliya, sa'an nan gobarar daji. Dukansu suna zuwa ne sa'ad da wahalarmu ta shekara take tsaye a gona ko tana shanye a masussuka. Amma kowane ɗayansu yakan nuna alama kafin ya iso, akwai kuma ma'aikatan da suke auna alamun nan su sanar. Bari mu ga yadda za mu amfana da sanarwarsu.

Me ya sa hadarin ƙarshen damina yake da ƙarfi?

Iska biyu ce take juya shekararmu. Ɗaya mai laima ce daga teku, ta kudu maso yamma, ita take kawo damina. Ɗayar busasshiya ce daga hamadar Sahara, wato iskar hunturu. Mahaɗarsu takan yi ta hawa arewa har watan Agusta, daga Satumba kuma ta fara komowa kudu. A makonnin nan rana takan yi zafi, ƙasa kuwa cike take da laima, sai gizagizai su taru su yi tsawo da la'asar. Hadarin yakan taso daga gabas, iska a gaba, ruwa a baya. Iskar ce take kwantar da dawa, ta yaye kwanon ɗaki.

Su wa suke yin hasashen?

Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. A ciki akwai lokacin faɗuwar damina, da lokacin ɗaukewarta, da yawan ruwan da ake sa rai. Tana kuma ba da hasashen kwana uku-uku. Hukumar NIHSA mai auna koguna kuwa tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa.

Wannan aiki ba duba ba ne. Awo ne da ake yi da ma'aunin ruwa, da na iska, da hotunan tauraron ɗan Adam. Hasashe yana iya faɗin yanki da rana, amma hadarin kaka yakan zuba a ƙauye ɗaya ya tsallake na kusa da shi. Saboda haka in an ce za a yi ruwa, bai sauka a gonarmu ba, kada mu ce ƙarya aka yi, mu daina saurara.

Yadda za mu gane ruwa mai yawa

Ana auna ruwan sama da milimita. In muka ji an ce milimita 50, ma'anarsa lita 500,000 ce a kan hekta ɗaya, wato duro 2,500. A watan Yuni ƙasa takan shanye yawancinsa. A Satumba ta riga ta ƙoshi, sai ruwan ya bi rafuffuka ya gangara kogi.

Ruwan da yake cinye mu ba lalle a kanmu ya sauka ba. Madatsar Lagdo tana kan Binuwai a arewacin Kamaru, in ta cika dole a saki ruwa, ya bi ta Yola, Numan, Ibi, Makurɗi har Lakwaja. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare. Don haka ko sama tana garau, sanarwar sakin ruwa abin tashi tsaye ce.

Damina mai kyau, wuta mai ƙarfi

Ruwan da ya cika mana rumbu shi ne yake tsawaita ciyawa. Da zarar ya ɗauke, hunturu ya shigo, cikin 'yan makonni ciyawar takan bushe ƙayau. A fili ba dutse ba kurmi da zai tare wuta, iska kuwa ita ce dokinta. Yawancin gobarar daji daga hannun mutum take fitowa: farautar gafiya, cin zuma, ƙona sauran gona, neman sabon tsiro domin dabbobi, ko guntun taba. Ranar da hasashe ya ce iska da ƙurar hunturu za su ƙaru, ranar ba ta kunna wuta a waje ba ce.

Abin da kowane ƙauye zai iya yi

1. A zaɓi mutum biyu masu rediyo ko waya su riƙa bin hasashe, su kai wa mai unguwa, a kuma faɗa a lokacin sanarwa ranar Lahadi.

2. A duba hasashen kwana uku kafin a cire gyaɗa ko a shanya masara. Hatsin da ya jiƙe yakan yi fumfuna mai guba wadda take lahanta hanta.

3. A kafa sanda mai alama a bakin kogi, a duba ta safe da yamma. A yarda tun yanzu a kan tudun da za a gudu, da wanda zai ɗauki tsofaffi, marasa lafiya da yara.

4. In aka ga walƙiya, a ƙirga. Kowace daƙiƙa uku kafin a ji tsawa, nisan kilomita ɗaya ne. In ba a kai talatin ba, a shiga ɗaki, kada a fake a gindin itace, masu kwalekwale su fito gaɓa.

5. Kada a ratsa ruwa mai gudu. Wanda ya ɗan wuce idon sawu ma yana iya kayar da babba.

6. Kafin ciyawa ta gama bushewa, matasa su yi gayya su share fili mai faɗi kewaye da gonaki, rumbuna da tarin dawa. In ƙona gefen ya zama dole, a yi da sassafe da sauran raɓa, mutane suna tsaye da ɗanyen ganye, bayan an gaya wa maƙwabta, manoma da makiyaya duka.

'Yan'uwa, kayan agaji sukan iso ne bayan ɓarna, ba su kuwa taɓa kai yawan abin da aka rasa ba. Rigakafi ya fi magani. Muna roƙon dattawa, Zumuntar Mata da matasa su zauna a kan waɗannan abubuwa shida tun ruwa bai ɗauke ba, kowa ya san aikinsa. Allah ya kai mu kaka lafiya.