Gyaran garin Dakoro: a fara ba ruwa hanyarsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, Dakoro gari ne na mu duka. Nan bisashen arewa ke haɗuwa da hatsin kudu. Nan asibiti yake, nan ofis-ofis na gunduma suke. Turawan mulkin mallaka sun kafa bariki a wurin cikin 1947, tun daga nan gari ke ta ƙaruwa. Amma ruwan da muke roƙo don gona da makiyaya, shi ne kuma ke kada gidajen laka cikin gari.

Mi ke kawo ambaliya?

Ƙasar Dakoro ba ta samun ruwa da yawa. Sai dai in ya zo, yakan zo a tashi ɗaya. An sare itace, ƙasa ta zama fako, ba ta shan ruwa. Rairayi ya cike tabkuna. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane da yawa sun rasa dukiyarsu, sun shigo garuruwa. Waɗansu sun yi gini cikin kwari, suna zaton ruwa ba ya sake zuwa. Amma ruwa ba ya manta hanyarsa.

Cikin daminar 2024, lissafin gwamnati ya nuna ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan 1 da rabi. Jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi shan wuya.

Darasi daga Maraɗi

Abin da ya samu babban birnin jiharmu ya isa mu yi tunani. Tsohon garin Maraɗi cikin fadama yake. Cikin 1945 Gulbi ya cika, ya ci gari. Hukumar lokacin ta maida mutane bisa tudu, ta shata manyan hanyoyi, ta raba filaye. Wannan kuɗi bai tafi banza ba, don garin da muka sani yau daga nan ya tashi.

Cikin 2015 gwamnati ta sake kashe kuɗi masu yawa a birnin, don sallar 18 ga Disamba da aka kira Maraɗi Kwalliya. An yi kwalta, an yi gine-gine, gari ya yi kyau. Duk da haka, ranar 30 ga Agusta 2024, ruwan rana ɗaya ya kashe mutum 15 a birnin, ya rushe gidaje. Ke nan kwalliya ita kaɗai ba ta tsare gari. Sai an yi wa ruwa wurin wucewa, kuma an riƙa kula da shi kowace shekara.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Kuɗin gyaran gari hanya uku gare su. Akwai na baitulmalin ƙasa. Akwai na abokan hulɗa, kamar Bankin Raya Afirka da ya taimaka aka yi kwaltar Tibiri zuwa Dakoro, fiye da kilomita 100. Akwai kuma na komin, wato lanho da tikitin kasuwa. Duk wanda ya saida sa ko rago ko buhun wake a kasuwa, ya zuba wani abu cikin wannan asusu. Saboda haka kuɗin ba kyauta ba ne, guminku ne. Kuna da hakkin ku je ma'aikatar magajin gari, ku tambayi abin da aka tsara yi bana da abin da zai ci.

Wane aiki ya kamata ya riga?

Na ɗaya, a gina magudanan ruwa tun kafin a yi kwalta ko rumfunan kasuwa. Hanyar da ba ta da magudana, damina kaɗan ke cinye ta.

Na biyu, a yashe tabkuna. Tabki mai zurfi na riƙe ruwan da zai shiga gidaje, kuma bisashe su sha da rani.

Na uku, a daina raba filaye cikin kwari. Wanda ke ciki a ba shi fili bisa tudu, tare da rijiya ko famfo kusa. In ba a ba shi ruwan sha ba, sai ya koma inda ya taso.

Na huɗu, a gyara ƙasar da ke kewaye da gari: a yi rabin wata, a jera duwatsu, a bar sabbin itace su tashi cikin gonaki. Ruwan da gona ta sha ba ya zuwa ya kada ɗaki.

Namu rabon aiki

Gwamnati na gina magudana, amma ba ita ke zuba shara da leda ciki ba. A zamanin Samariya, da gayya aka gina azuzuwa da yawa a ƙauyukanmu. Wannan hali bai mutu ba. Kowace unguwa ta fito ta share magudanarta kafin ruwan farko. Kada a ɗebi ƙasar gini a gindin hanya. Masu unguwa da limamai su riƙa tuna wa jama'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, wadda ba ta da ɓarna.